Kristian Birkeland (1867–1917): Malamin Da Ya Hango Iskar Rana

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a kawo taƙaitaccen tarihin wani shaihin malamin kimiyya, mutumin ƙasar Norwe, mai suna Kristian Birkeland. Shi ne ya fara kafa hujja ta hanyar awo da gwaji cewa rana, ban da haske da zafi, tana kuma feso wa duniya wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, wato abin da masana suke kira iskar rana a yau. Har ya koma ga Mahaliccinsa manyan malaman zamaninsa ba su yarda da shi ba, sai da aka yi shekara 50 da rasuwarsa sa'an nan taurarin ɗan Adam suka ba shi gaskiya.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa manomin Kankiya ko na Kusada da Baturen da ya ƙare rayuwarsa yana leƙen sama a ƙasar ƙanƙara? To, abubuwa uku ne suka haɗa su. Na farko takin zamani da ake zubawa a gonar gero da dawa, domin Birkeland yana cikin mutanen farko da suka kafa masana'antar yin sa daga iska. Na biyu alfijirin nan na ƙarya wanda malamanmu na fiƙihu suke gargaɗi a kansa, domin shi ne ya jawo Birkeland zuwa Afirka. Na uku kuwa rediyon gajeren zango, wanda guguwar rana takan dusashe muryarsa. Za a ga yadda kowannensu ya shigo cikin labarin.

Haihuwarsa Da Karatunsa

An haifi Birkeland ranar 13 ga Disamba, 1867, a birnin Kiristiyaniya, wanda ake kira Oslo yanzu. A wancan lokaci Norwe tana ƙarƙashin sarki ɗaya da ƙasar Suwidin, kuma Turawa suna yi mata kallon ƙasar masunta da masu yankan katako, wadda ba a sa ran wani babban ilimi zai fito daga cikinta. Tun yana yaro aka gane yana da kaifin basira wajen lissafi, har ya rubuta maƙalarsa ta farko yana ɗan shekara 18. Ya yi karatu a jami'ar garinsu ya gama a 1890. A 1893 ya tafi Faris ya zauna a gaban Henri Poincaré, babban malamin lissafi na Faransa, daga nan ya zaga Suwizalan da Jamus yana ƙaro ilimin lantarki da maganaɗisu. A 1898 aka naɗa shi farfesa a jami'ar Kiristiyaniya yana da shekara 30 kacal.

Hasken Arewa

A ƙasashen da suke can ƙuryar arewacin duniya akwai wani haske da yake bayyana a sama da dare, kore ko ja, yana kaɗawa kamar labule a gaban iska. Shi ake kira hasken arewa. Ba a ganinsa a ƙasar Hausa saboda kusancinmu da tsakiyar duniya. Mutanen Norwe sun daɗe suna ganinsa, amma babu wanda ya san musabbabinsa. Abin da kawai aka lura da shi shi ne, duk daren da hasken ya yi ƙarfi sai allurar kamfas, irin wadda muke neman alƙibla da ita, ta riƙa rawa ta kasa tsayawa wuri ɗaya. An kuma lura cewa wannan rawa tana yawaita a shekarun da baƙaƙen tabo suka yi yawa a fuskar rana. Duk da haka, a 1892 Lord Kelvin, wanda Ingila take ji da shi a fagen kimiyya, ya yanke hukunci cewa rana ba za ta iya girgiza maganaɗisun duniya daga wannan nisa ba.

Birkeland bai gamsu da wannan hukunci ba. Ya san duniya kanta ƙaton maganaɗisu ce, layukan ƙarfinta suna fitowa daga ƙuryar kudu su yi baka a sararin sama su nutse a ƙuryar arewa. A ɗakin gwajinsa ya ga cewa idan aka harba ƙwayoyin lantarki cikin kwalbar da aka zuƙe iskarta, aka kuma kawo maganaɗisu kusa, sai ƙwayoyin su karkata su nufi bakin maganaɗisun. Saboda haka a 1896 ya fito da ra'ayin cewa rana ce take harbo irin waɗannan ƙwayoyi, layukan maganaɗisun duniya su yi musu jagora zuwa ƙuryoyi biyu, su bugi iskar sama ta yi haske.

Tafiye-Tafiyensa Cikin Ƙanƙara

Ra'ayi ba ya tsayawa sai da hujja, don haka tsakanin 1897 da 1903 ya shirya tafiya uku zuwa arewa mai nisa. A tafiyar farko guguwar dusar ƙanƙara ta tare su a kan dutse, sanyi ya cinye yatsun wani ɗalibinsa, Bjørn Helland-Hansen, wanda yake karatun likita. Dole yaron ya bar likitanci, daga baya ya shahara a ilimin teku. A hunturun 1899 zuwa 1900 Birkeland da mutanensa suka tare a ɗakin duba sama da suka gina a ƙwanƙolin dutsen Haldde, cikin duhun da rana takan yi makonni ba ta fito ba. A wannan zama ne ƙanƙara ta zabtare ta kashe ɗaya daga cikin mataimakansa.

Tafiya ta uku, ta 1902 zuwa 1903, ita ce mafi girma. Ya kafa tashoshi huɗu masu na'urorin auna maganaɗisu: ɗaya a arewacin Norwe, ɗaya a Ayislan, ɗaya a tsibiran Svalbard, ɗaya kuma a Novaya Zemlya ta ƙasar Rasha. Bugu da ƙari, ya rubuta wa tashoshin awo na ƙasashe daban-daban suka aiko masa da nasu sakamako na ranaku guda. Da ya jera alƙaluman a kan taswira sai ya ga cewa a lokacin hasken arewa akwai wani kogin lantarki da yake gudana a sama, wanda ƙarfinsa yakan kai amfiya miliyan guda. Ya ce wannan lantarki daga sararin samaniya yake gangarowa, ya bi layukan maganaɗisu ya sauko, ya ɗan yi tafiya a kwance, sa'an nan ya sake bin layukan ya koma sama. Ya bayyana wannan a babban littafinsa kan tafiyar, wanda kashinsa na farko ya fito a 1908, na biyu a 1913.

A jami'a kuma ya ƙera wata 'yar ƙwallon ƙarfe mai maganaɗisu a ciki, wadda ake kira terella, wato 'yar duniya. Ya rataye ta cikin akwatin gilashi da aka zuƙe iskarsa, ya harba mata ƙwayoyin lantarki, sai ga zobe biyu na haske sun kewaye ƙuryoyinta, daidai inda ake ganin hasken arewa da takwaransa na kudu. A 1913 ya rubuta cewa sararin da yake tsakanin taurari cike yake da ƙwayoyin lantarki. A 1916 ya ƙara da cewa abin da rana take fesowa gauraye ne na ƙwayoyi iri biyu masu kishiyar caji. Wannan shi ne ainihin siffar iskar rana kamar yadda aka auna ta daga baya.

Bindiga Da Taki

Bincike irin wannan yana cin kuɗi, gwamnatin Norwe kuwa ba mai wadata ba ce. Sai Birkeland ya shiga ƙirƙire-ƙirƙire don ya sami abin ciyar da iliminsa, har ya yi rajistar fasahohi kimanin 60. Ɗaya daga cikinsu ita ce igwa mai harba harsashi da ƙarfin maganaɗisu ba tare da albarushi ba. A watan Maris na 1903 ya tara manyan baƙi a zauren jami'a don nuna ta. Da ya kunna sai wayoyi suka haɗu, wuta ta yi tsartuwa da ƙara kamar aradu, jama'a suka watse a firgice. Harsashin ya sami inda aka auna, amma masu saye sun riga sun gudu.

Abin da ya kashe kasuwar igwar shi ne ya buɗe masa wata ƙofa. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin da shuka take buƙata amma ba ta iya ɗaukarsa kai tsaye daga iska. Walƙiya tana ƙona shi ya haɗu da iskar oksijin, ruwan sama ya sauko da shi ƙasa ya zama abincin shuka. A lokacin Turai ta dogara ne da gishirin taki da ake haƙowa a ƙasar Chile, ana kuma fargabar zai ƙare a shiga yunwa. A watan Fabrairu na shekarar 1903 Birkeland ya haɗu da wani injiniya, Sam Eyde, wanda yake da hannu a manyan magangarun ruwa na Norwe, yake kuma neman hanyar yin walƙiya a cikin masana'anta. Birkeland ya riga ya ga irin wannan tartsatsi a gwaje-gwajen igwarsa, ya kuma san yadda maganaɗisu zai baje shi ya zama faifan wuta. Suka haɗa kai suka ƙera tanderun, aka kafa masana'anta a garin Notodden, a watan Disamba na 1905 kuma aka kafa kamfanin Norsk Hydro, a shekarar da Norwe ta rabu da Suwidin ta tsaya da ƙafarta.

Hanyar tasu tana shan wutar lantarki ƙwarai, saboda haka daga baya hanyar Jamusawa biyu, Haber da Bosch, ta ture ta. Buhun yuriya da manomin Kusada yake saye a kasuwa da hanyar Jamusawan ake yin sa. Amma Birkeland da Eyde suna cikin waɗanda suka fara nuna wa duniya cewa ana iya ɗebo taki daga iska a sayar da shi buhu-buhu. Sashen taki na kamfaninsu shi ne ya zama kamfanin Yara a 2004. Birkeland ya sami dukiya, ya zuba ta cikin ɗakin gwajinsa da albashin mataimakansa. Sai dai dangantakarsa da Eyde ta yi tsami, kuma ko da yake an gabatar da sunansa sau da dama don lambar Nobel, bai taɓa samu ba. Aurensa da Ida Charlotte Hammer, wanda aka ɗaura a 1905, ya mutu a 1911 ba su haihu ba, domin aiki ya cinye shi dare da rana.

Masar, Sudan Da Ƙarshen Rayuwa

Duk wanda ya yi karatun zaure a Kankiya ya san alfijir iri biyu ne. Akwai na ƙarya, wanda yake miƙewa tsaye a gabas kamar ginshiƙi tun da sauran dare, wanda ba ya halatta sallar asuba kuma ba ya hana mai azumi sahur. Akwai kuma na gaskiya, wanda yake bazuwa a kwance a gefen sama. Wannan na farkon ya fi fitowa sarai a ƙasashe masu zafi da sama garau, shi ne kuma Birkeland ya zo nema. Yana zaton hasken yana da alaƙa da ƙwayoyin lantarkin da rana take fesowa. A 1913 ya taso zuwa Masar da Sudan tare da mataimakansa, cikinsu har da Thoralf Skolem wanda ya zama babban malamin lissafi, daga baya ya zauna a Helwan kusa da Alƙahira. A nan zatonsa bai dace ba, domin an tabbatar cewa alfijirin ƙarya hasken rana ne yake dira a kan ƙurar da take yawo tsakanin duniyoyi.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, mataimakansa suka koma gida ɗaya bayan ɗaya, aka bar shi cikin kaɗaici. Rashin barci ya dame shi, ya dogara da wani maganin barci mai suna beronal, zargi da tsoro suka kama shi har yana ganin ana bibiyarsa saboda igwarsa. A 1917 ya yi niyyar komawa gida, amma da yake yaƙi ya toshe hanyar Turai sai ya bi ta gabas ya sauka Japan. Ranar 15 ga Yuni, 1917, aka iske shi ya rasu a ɗakinsa na masauki a Tokiyo, bayan ya sha maganin barcin fiye da ƙima. Shekarunsa 49.

Gardamar Da Ta Biyo Baya

Tun yana raye malaman Ingila sun soki ra'ayinsa. A 1911 Arthur Schuster ya ce ƙwayoyi masu caji iri ɗaya za su ture juna su watse kafin su iso duniya. Bayan rasuwarsa Sydney Chapman, wanda ya zama jagoran wannan fanni na tsawon shekaru, ya tsaya a kan cewa lantarkin yana kewayawa ne a saman iskar duniya kawai. Lissafin Chapman mai tsabta ne, awon da ake yi daga ƙasa kuma ba ya iya raba gardamar, don haka aka ajiye Birkeland a gefe. Hannes Alfvén na Suwidin ne ya ci gaba da kare shi tun daga 1939.

Gaskiya ta fara fitowa a hankali. A 1951 Ludwig Biermann na Jamus ya lura cewa wutsiyar tauraro mai wutsiya kullum tana ba rana baya, alamar wani abu yana hura ta. A 1958 Eugene Parker na Amurka ya nuna da lissafi cewa dole wannan iska ta riƙa kwarara ba yankewa, a 1962 kuma kumbon Mariner 2 ya auna ta a hanyarsa ta zuwa duniyar Zahra. Gudunta yakan kama daga kilomita 300 zuwa 800 a daƙiƙa guda, takan kuma ci kimanin kwana huɗu kafin ta ratsa kilomita miliyan 150 da suke tsakaninmu da rana. A 1966 wani tauraron ɗan Adam na Amurka ya nuna girgizar maganaɗisu a saman yankin hasken arewa, a 1967 Cummings da Dessler suka fassara ta da cewa lantarki ne mai bin layukan maganaɗisu. Tauraron Triad da aka harba a 1972 ya zana taswirarsa. Yau ana kiran wannan lantarki da sunan Birkeland, ƙasarsa kuma ta sa hotonsa a takardar kurona 200 da ta fito a 1994.

Ƙofar Da Bai Gani Ba

Akwai tambaya guda da Birkeland ya bari a buɗe. Maganaɗisun duniya garkuwa ne, yana tare iskar rana tun daga nisan kilomita dubu 60 ko fiye. To, ta wace ƙofa ƙarfinta yake shigowa? Amsar ita ce abin da za mu kira sake-ƙullin layukan maganaɗisu. Ita iskar rana tana jawo layukan maganaɗisun rana tare da ita, kamar yadda ruwan kogi yake jan zare. Idan layuka biyu masu fuskantar kishiyar juna suka matsu wuri ɗaya, sai su tsinke, kowane guntu ya ƙullu da na ɗaya ɓangaren. Sabon layin yana fitowa a lanƙwashe, ya miƙe da ƙarfi kamar danƙon harbin tsuntsu da aka saki, ya yi jifa da ƙwayoyin da suke kansa. Ronald Giovanelli na Ostireliya ne ya fara kawo tushen wannan tunani a 1946 don bayyana fashewar wuta a fuskar rana. A 1961 James Dungey na Ingila ya nuna cewa idan layin iskar rana ya fuskanci kudu, alhali na duniya yana fuskantar arewa, sai su ƙullu, garkuwar ta buɗe. Ƙarfin da ya shigo yana taruwa a bayan duniya, wani sake-ƙullin ya sake shi, ya gangaro ta hanyar da Birkeland ya zana. Kumbuna huɗu na shirin MMS da aka harba a 2015 sun ratsa ainihin wurin tsinkewar sun auna shi.

Har ila yau, an gano cewa ita kanta iskar rana ba sumul take ba. A 2005 Jack Gosling da abokan aikinsa suka nuna da awon kumbon ACE cewa sake-ƙulli yana faruwa a cikinta tun tana hanya. Tana ɗauke da siraran shimfiɗun lantarki, da ƙananan murɗaɗɗun igiyoyin maganaɗisu waɗanda suke wuce kumbo cikin mintoci ko 'yan sa'o'i. Kumbon Parker da aka harba a 2018, wanda ya kusanci rana har kilomita miliyan 6.1 a ranar 24 ga Disamba, 2024, ya iske wurare masu yawa inda layin maganaɗisu yake yin kwana ya koma baya sa'an nan ya miƙe. Wasu masana suna danganta su da sake-ƙulli a kusa da fuskar rana, wasu kuma da hargitsin iskar kanta.

Wannan ilimi ya shafe mu. Guguwar rana ta 13 ga Maris, 1989, ta kashe wutar lardin Kwibek na Kanada na tsawon sa'a tara. Irinta takan birkita saman iska inda muryar rediyon gajeren zango take dira ta dawo ƙasa, ta kuma rikita na'urar nuna hanya ta GPS. Daɗin daɗawa, layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu ya ratsa arewacin Nijeriya, a samansa kuma, wajen kilomita 100, akwai wani kogin lantarki da yake gudana gabas da rana tsaka. Chapman ne ya raɗa masa suna a 1951, Farfesa Cyril Onwumechili kuma ya yi suna a duniya da nazarinsa a Jami'ar Ibadan.

Kammalawa

Tarihin Birkeland ya nuna cewa girman malami ba ya mayar da kuskure daidai, kamar yadda rashin magoya baya ba ya mayar da daidai kuskure. Kelvin da Chapman manyan malamai ne, amma awo ya saɓa musu. Shi kansa Birkeland awo ya ba shi gaskiya a kan hasken arewa, ya kuma hana shi a kan alfijirin ƙarya. Abin da ya rage gare mu ɗaliban Hausa shi ne mu samar wa wannan ilimi kalmomi tsayayyu a harshenmu, domin yaron da yake karatu a Kankiya ko Kusada ya fahimci abin da yake gudana a saman garinsu da harshen da ya tashi da shi. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.